Agogon Inna Mai Tsani

Duk layin tsani ɗaya ne, kuma na Inna ne. Mijinta mai fenti ne. Da ya rasu bai bar mata fili ko mota ba, abin da ya bari ɗaki biyu da falo ne na haya a ƙasan wani tsohon bene, da akwatin kayan aiki, da tsanin ƙarfe mai ninkewa wanda fenti kala-kala ya ɗiga a kan matakalarsa. Tun daga nan duk wanda ƙwan lantarkinsa ya mutu, ko eriyarsa ta karkace, ko rufinsa ya fara yoyo, ƙofarta yake zuwa. A haka sunanta na yanka ya ɓace, ta koma Inna Mai Tsani.

Ba tsanin kaɗai ake ara ba. Dutsen guga, babbar tukunya, guduma, injin markaɗe, tabarmar baƙi, har kujerun falonta sun sha kwana a gidajen mutane. Ba ta cewa a'a. Kada kuma a ɗauka kirki ne ya yi mata yawa. Inna ba ta da sakin fuska, in ka dawo mata da tukunya da ƙanzo a gindi za ta wanke ka tas a gaban 'ya'yanka, gobe ka dawo ta sake ba ka. Ita dai a wurinta abin da yake ajiye ba a amfani da shi asara ne, kuma ba ta son asara.

Da ƙuruciyarta ta yi aiki a ɗakin haɗa waya na wani babban ofishi, zamanin da in za ka kira mutum sai ka bi ta hannun wata mace mai abin ji a kunne, ta zare igiya daga wannan rami ta soka a wancan. A kujerar nan babu abin da Inna ba ta ji ba. Ta san wanda za a kora kafin shi ya sani, ta san wanda matarsa ta yi yaji, ta san manajan da murya ke canza masa in ya kira wata lamba. Ranar da aka ɗauke ta, shugabar ɗakin ta gaya mata cewa abin da ya shiga kunne a nan ba ya bin mutum gida. Ta riƙe wannan. Da aka kawo injin da ke haɗa waya da kansa aka sallame su gaba ɗaya, ta fito ba da komai ba sai da wannan hali. Shi ya sa mai zuwa aron guduma yakan zauna a bakin kujera ya sauke abin da ke cinsa, ya tashi ya tafi, ya san maganar ta faɗa rijiya.

'Ya'yanta biyu. Babbar, wadda kowa ke kira Malama, tana koyarwa a wani gari mai nisa. Auta yana cikin gari, amma can ɗaya gefen, a saman wani sabon bene inda ƙofar kowa a rufe take kuma ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa.

Wata safiya Inna ta taka sabulu a banɗaki ta faɗi. Ba ta karye ba, amma ta kasa tashi. Ta ja bokiti ta yi ta buga shi a bango har maƙwabcinta na jikin bango ya ji. Shi ne Direba, mutum mai furfura a gemu, mai tuƙa motar 'yan makarantar firamare. Shi ya ɓalle ƙofar falon, da gudumarta da ya ara bai dawo da ita ba, matarsa ta shiga ta suturta Inna ta ɗago ta. Abin da Inna ta fara faɗa da ta zauna shi ne, "Ashe gudumar tana wurinka."

Kafin mako ya zagayo Malama ta iso, Auta ya zo, aka zauna a falo.

"Inna, zaman nan ke kaɗai ya ƙare," in ji Malama. "Auta ya gyara miki ɗaki."

"Ɗakin da kekunan yara suke?"

"An fitar da kekunan," in ji Auta.

"To a mayar da su. Ni a nan na haife ku, a nan aka fitar da ubanku, ba inda za ni."

"In kika sake faɗuwa fa?"

"Ga bokiti, ga bango."

Suka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Auta ya fita ya dawo da wani ɗan kwali. Agogo ne a ciki, baƙi, mai madaurin roba, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya. Ya ɗaura mata, ya ɗauki wayarta ya yi ta latse-latse, sannan ya ɗauki ta Malama. Ya ce agogon zai riƙa ƙirga tafiyarta da bugun zuciyarta, ya zuba wa wayarta, wayarta kuma ta aika wa Malama.

Inna ta juya hannu ta ga wata koriyar wuta tana ƙiftawa a jikin fatarta. "Wannan kuma leƙen me yake yi?"

"Jininki yake dubawa."

"Munafuki kuka ɗaura mini kenan."

Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ga sharaɗi, Inna. Muddin agogon nan yana cewa lafiya, kina nan. Ranar da ya nuna wani abu, za ki koma wurin Auta, babu musu. Kin yarda?"

Inna ta dubi labulenta, da kujerunta, da tsanin da ke jingine a bayan ƙofa. Ta ce ta yarda.

Da farko ta sha wahalarsa. In ta daɗe a zaune sai ya girgiza a hannunta wai ta tashi. Ta ce ko uwar da ta haife ta ba ta taɓa tashinta haka ba. Da yamma Malama ta kira: "Inna, yau ba ki motsa ba." Washegari kuma: "Inna, kin manta ba ki yi masa caji ba." Sai Inna ta koma zagaya falo kamar mai neman allura, don dai a bar ta ta huta.

Matar mai shago ce ta fara ganinsa. Ta zo aron injin markaɗe, ta kama hannun Inna ta juya. "Inna, wannan ai na 'yan gayu ne! Da gaske yana faɗin bugun zuciya?" Inna ta kwance ta ɗaura mata. Lamba ta fito, matar ta buga shewa. Kafin la'asar mata uku sun shigo a gwada su. Bayan kwana biyu matar mai shago ta dawo tana sosa ƙeya, za ta gidan surukai, kuma agogon ya dace da mayafinta.

Inna ba ta yi wani dogon tunani ba. Abu ne nata, an zo aro. Ta miƙa.

Da daddare Malama ta kira, murya cike da murna. "Kai, Inna! Yau kin yi tafiya! Haka nake so."

Inna ta ce, "Uhm."

Ba ta yi ƙarya ba, shiru ta yi, kuma shiru sana'arta ce. Ta kuma lura ranar ba wanda ya girgiza mata hannu. Daga nan agogon ya shiga layi kamar tsani. Tela na sama ya ara ya je ɗaukar hoto da shi. Mai gyaran famfo ya ɗaura ya wuni yana hawa bene yana sauka da bututu a kafaɗa, har Malama ta kira tana tambaya ko gudu Inna ta fara. Inna ta ce jikin ne ya yi daɗi. Duk wanda ya ara, sharaɗinsa ɗaya: ya dawo da shi kafin magariba, a goge, ta sa a caji kusa da wayarta.

Wata rana bayan an taso daga makaranta Direba ya shigo da tsani a kafaɗa. Ya jingine shi a bayan ƙofa, amma bai fita ba. Ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya riƙa juya ta a hannu. Inna ta san wannan zama. Ta rage muryar rediyo.

"Inna, wani abu ne ke damuna a ƙirji."

"Ciwo?"

"Ba ciwo ba. Kamar an saki tantabara a ciki tana fiffika. Sai ya zo ya tafi. Rannan ina tsaye a danja sai na ga hanya ta yi duhu, kafin a ba da hannu ta washe."

"Ka je asibiti?"

"In na je asibiti makaranta za ta ji. In ta ji za su karɓi makulli. Inna, 'yan matana biyu ba su gama karatu ba. A shekaruna wa zai ɗauke ni wani aiki?" Ya dubi hannunta. "An ce agogon nan yana gani. Ki ara mini in riƙa ɗaurawa da safe, in gani ko wani abu ne ko gajiya ce kawai. Amma don Allah kada kowa ya ji. Ko maman yara."

Inna ta kwance ta ba shi. Ta ce, "Ka sa riga mai dogon hannu."

Ta san agogon yana kai rahoto, ba ta manta ba. Amma mutane da yawa sun ɗaura ba abin da ya faru, sai ta ɗauka zuciya zuciya ce, ta kowa bugawa take yi, lamba ta hau ta sauka. Direba ya riƙa karɓa da sassafe ta taga, ya dawo da shi bayan ya sauke yara. In ta tambaye shi sai ya ce yakan girgiza ya fito da wani rubutu mai ja, shi kuma ya shafe da yatsa don yana tuƙi. Da yamma agogon ya kwanta kusa da wayar Inna ya zazzage mata duk abin da ya ji.

Ba a daɗe ba Malama ta kira da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. "Inna, kina zaune? Kada ki tashi. Auta yana hanya, ni ma gobe ina tafe."

Da Malama ta iso suka kai ta wurin likita. Ya sa abin saurare a ƙirjinta da bayanta, ya auna jini, ya ce a yanzu bai ji komai ba. Sannan ya karɓi wayar Malama ya yi ta jan hoton da yatsa, fuskarsa ta canza. Ya juyo da wayar ya nuna musu wani zane mai hawa da sauka. Ya ce wannan bugu ne marar tsari, irin wanda ke zuwa ya tafi, shi ya sa ba lallai a kama shi a ɗakin likita ba. Ya ce kusan kullum da safe yake zuwa. Ya ce irinsa yana iya sa mutum ya yanke jiki ya faɗi ba sallama, yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya rubuta gwaje-gwaje, ya ce kafin nan kada ta ƙara kwana ita kaɗai.

"Hajiya, da safe ba kya jin komai? Jiri? Faɗuwar gaba?"

"Ba na ji."

"Haka take," in ji Malama, tana share ido da gefen mayafi. "Ko tana mutuwa ba za ta faɗa ba."

Inna ta dubi zanen. Ta san na wane ne. Kalmar tana bakinta, amma bakin ya saba da rufuwa, ya rufu.

A mota Auta ya ce, "Ranar Asabar zan kawo motar kaya." Da yamma ya zo da kwalaye, Malama ta shimfiɗa katifa a falo ta tare. Suka fara naɗe kwanuka da tsofaffin jaridu. Malama ta zaga layi tana karɓo kayan uwarta gida-gida, tana mamakin yadda tukunya ɗaya ta kai har gida na ƙarshe. Auta ya tsaya gaban tsanin ya ce, "Wannan fa ba shi da wuri a gidana. Sai dai a bayar."

Inna tana zaune a kan gado, agogon a hannunta, tana kallon bangon da aka cire hoton mijinta, wurin ya yi fari fiye da sauran.

Washegari da la'asar, da Malama ta tafi sayen igiyar ɗaure kwali, Inna ta sa takalmi ta fita. Direba yana wanke motar makaranta a bakin hanya, wando a naɗe, soso a hannu. Kujerun motar ƙanana ne, a kan ɗaya wani yaro ya manta gorar ruwa.

"Sannu da aiki."

"Yawwa, Inna. Na ga kwalaye. Ashe tafiya ta kama?"

"Zuciyarka ce za ta tashe ni."

Ya tsaya da soson. Ta gaya masa duk abin da likita ya ce, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, har shanyewar ɓarin jikin. Ruwan sabulu yana gangarowa ta gwiwar hannunsa yana ɗiga a takalminsa.

"Kin faɗa musu?"

"Da na faɗa da ka ji."

"Allah ya saka miki, Inna. Ki ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen zango. Da an yi hutu zan je asibiti a ɓoye, in sha magani, kafin a dawo na warke. Ba wanda zai sani."

"Ƙarshen zango ina saman bene ina kallon rufin mutane."

"Ai kya dawo. In an gwada ki aka ga lafiya, sai ki dawo."

"Mai gidan hayar ya riga ya kawo wani ya duba ɗakin." Ta nuna motar da haɓa. "Waɗannan kujerun, 'ya'yan wa ke zama a kai?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekara nawa ina tuƙi ko akuya ban taɓa bugewa ba."

"Ban ce ka taɓa ba. Ka ji ni da kyau, Direba. Ka gaya wa matarka yau, gobe ka ajiye makulli ka tafi asibiti da ƙafarka. In ka yi haka, ni abin da zan ce wa 'ya'yana kawai na ba da aron agogo, ba sai na kama suna ba. In na ji tashin motar nan gobe da safe, zan yi magana."

Ya ɗago ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Ke? Ke da duk layin nan aka ce ba a jin magana a bakinki? Amana fa na ba ki, Inna."

"Ka ba ni. Shi ya sa na zo wurinka kafin kowa."

"Ni na ɓalle miki ƙofa."

"Da gudumata."

Ta juya ta koma ciki. Gaskiyar magana, Inna ta san da yaran nan tun ranar da ya zauna a bakin kujerarta yana juya hula. Ta ji maganar duhun da ya gani a danja da kunnenta, ta ba shi agogo ta ce ya sa dogon hannu. Yaran ba su hana ta barci ba sai da kwalaye suka shigo falonta. Ita ma ta san haka, ba ta kuma yi wa kanta kwalliya a kai ba. Dalilan biyu ne, na ɗakinta ya riga zuwa, na yaran ya fi nauyi.

Da safe tana kan sallaya ta ji injin motar ya yi tari ya kama. Ta saurara har ƙarar ta sha kwana ta ɓace. Ta naɗe sallayar, ta zagaya bayan gida inda matar Direba take shanya.

"Maman yara, ajiye zanin nan ki ji."

Ta faɗa mata a tsaye, cikin 'yan kalmomi. Matar ba ta yi ihu ba. Ta riƙe igiyar shanya da hannu ɗaya ta ce, "Shi ya sa yake kwana a zaune. Na tambaye shi ya ce zafi ne." Sai ta goge hannu a zaninta, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da waya. Tun kafin ta kai bakin titi Inna ta ji tana cewa a ba ta shugaban makaranta. A ranar wani ne ya dawo da yaran gida.

Saura nata. Malama tana durƙushe tana ɗaure kwali, Auta ya biyo kafin ya wuce aiki. Inna ta zauna a kujera ɗaya da ba a ɗaure ba.

"Ku kwance kayan nan. Zuciyar da likita ya gani ba tawa ba ce. Ta Direba ce. Aron agogon na ba shi."

Malama ta saki igiyar. "Aro?"

"Aro."

"Agogon lafiyarki kika ba da aro? Shi kaɗai?"

"Da matar mai shago. Da tela. Da mai famfo. Da wasu."

Auta ya fara dariya, ya so ya danne ya kasa, ya dafa bango. "Wallahi na yi mamaki! Na ce tsohuwar nan da ke hawa mota da ƙyar ita ce ke wannan tafiyar? Yaya, ashe mai famfo kike yi wa barka!"

"Rufe mini baki!" Malama ta juyo, idonta ya kaɗa. "Inna, kin san kwana nawa ban yi barci ba? Ina aji ina koyarwa ina leƙen waya. Na bar ɗalibaina, na bar 'ya'yana, na zo ina kuka a gaban likita, kina zaune kina kallona, kin sani!"

"Na sani."

"Shi kenan abin da za ki ce?"

"Ban kyauta miki ba. Ba kuma zan koma ɗakin kekuna a kan ciwon wani ba. Sharaɗinki ne: in agogo ya nuna wani abu a jikina. Bai nuna ba."

"Ta ina zai nuna, yana yawo a hannun mutanen layi?"

Inna ta gyara madaurin agogon a hannunta.

Malama ba ta yarda an kwance kwali ko ɗaya ba sai da aka yi gwaje-gwajen duka. Aka manna wa Inna wata na'ura a ƙirji ta kwana da ita, Malama na gadinta kamar za ta ba da aronta ita ma. Sakamako ya fito: jini ya ɗan hau, gwiwoyi sun tsufa, zuciya lafiya lau. Da aka ba likita labarin aron agogon, ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce a gaya wa mai zuciyar ya zo da wuri. Aka ce ai ya riga ya zo, matarsa ta kawo shi.

Aka mayar da hoto bango, kwanuka suka koma kabad. Malama ta tafi ba tare da ta huce ba. A bakin mota ta ce, "In na ƙara ganin kin yi tafiyar da ta fi ƙarfinki, ba zan kira ba, motar kaya zan turo." Yanzu agogon yana hannun Inna dare da rana. Yana girgiza ta tashi, ta zagaya falo tana zaginsa. In an zo aro ta ce wannan ɗaya ba nata ba ne, na Malama ne.

Direba yana shan magani. Makaranta ba ta kore shi ba, amma ta karɓi makulli, ta mayar da shi bakin ƙofa yana buɗe wa motar da ya saba tuƙawa. Albashin bai kai na da ba. Babbar 'yarsa ta ajiye karatu ta shiga koyon ɗinki wurin tela na sama, wai zuwa baɗi. Matarsa takan shigo ta ƙofar baya ta ari tukunya, ta gaishe da Inna a gurguje. Shi kuwa tun ranar bai ƙara yi mata magana ba. In sun haɗu a ƙofa sai ya duba takalminsa.

Labari ya zaga layi, kamar yadda yakan zaga. Wasu suka ce ta ceci yara, wasu suka ce ta ceci ɗakinta, duka kuma ba su yi ƙarya ba. Ana nan ana zuwa aron guduma da dutsen guga, sai dai yanzu a tsaye ake karɓa daga bakin ƙofa. Ba mai zama a bakin kujera ya juya hula. Inna ta lura. Ta daina rage muryar rediyo in an yi sallama.

Da damina ta kama, rufin Direba ya fara yoyo. Inna ta jawo tsanin daga bayan ƙofa ta jingine shi a waje, inda duk mai wucewa zai gani. Ya wuni a nan. Da yamma ta ji bugun ƙusa a bayan gida. Ta leƙa ta taga. Direba ne ya samo ragowar katako wurin kafinta yana haɗa nasa, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, matakalar ta karkace.

Ta kira matarsa ta taga. "Ki gaya masa wannan abin zai kashe shi kafin zuciyar. In ba ya son nawa, ya sa mai famfo ya hau."

Matar ta je ta faɗa. Bugun ƙusa ya tsaya, can ya ci gaba.

Yanzu tsani biyu ne a layin. Na Inna ake ara.